Wata Uku Zuwa Shida

Duk abin da na sani game da haƙƙin mara lafiya sa'ad da nake 'yar shekara ashirin da huɗu, a littafin zane na Japanawa na tsince shi. Littafin ma ba ni ke karantawa ba, karanta mini ake yi, ina zaune ina gyaɗa kai da guntun burodin tamis a hannu.

A lokacin, farkon shekarun dubu biyu, ina aiki a wani ƙaramin mustausaf mai zaman kansa kusa da unguwarmu ta Sih a Madina, irin asibitin nan mai hawa biyu da likita uku da injin hoto ɗaya da ke aiki ranar da ya ga dama. A takarda aikina karɓar kati ne da kiran suna. A zahiri kuwa, duk tsohuwar da ta shigo tana dafe da ƙugu tana kiran Allah da Hausa, ni ake ƙwala wa kira, domin ni ce Bahaushiyar da ke jin Larabci da ɗan Turancin makaranta. Haka na zama tafinta ba tare da wani ya koya mini ba, ba kuma wanda ya taɓa bincika ko abin da nake faɗa shi likita ya ce.

Ƙawata a wurin 'yar Cadi ce, ita ke ɗibar jini a ɗakin gwaji. Iyayenta Hausawan Injamena ne, ta yi karatunta da Faransanci kafin su taso Madina, kuma tana da yaya da ke karatu a Faransa, yana zuwa gida duk hutun bazara. A wani zuwan ya bar mata ƙananan littattafai shida, baƙi da fari, labarin Japanawa da aka juya zuwa Faransanci. Kafin ta kawo su wurin aiki sai da ta zauna da baƙin alƙalami mai kaurin baki ta yi wa duk matan ciki ɗinki: wadda siket ɗinta ya tsaya a gwiwa ta kai mata shi har idon sawu. Ta ce in shugabar nas-nas ta kama mu, aƙalla ta tarar da mutanen kirki. Abin da ya fara burge ni shi ne ta dama ake buɗe su, kamar littattafanmu. Na ce to, ga dai wasu a duniya da suka san gaba da baya.

Tsakanin Azahar da La'asar ana rufe mustausaf. Mu biyu mukan kulle kanmu a ɗakin gwaji, firjin jini yana ta gurnani a bayanmu, ta ɗora littafin a cinya, yatsanta a kan rubutu, idona a kan zane. Hausarta ta Cadi ce mai ɗanɗanon Larabcin can, don haka 'yan sandan Japan suna magana kamar dillalan shanu, ban kuma taɓa jin hakan ya rage wa labarin komai ba.

Labarin wani likita ne a wani gari da ruwan sama ba ya ɗaukewa. Mutum ne mai tsabta, mai ladabi, yana rusuna wa kowa har mai shara. Bai taɓa ɗaga wa kowa hannu ba, bai taɓa sa wa kowa guba ba. Abin da yake yi kawai musanya sakamakon gwaji. Mai lafiya ƙalau sai ya zaunar da shi ya ce masa saura wata shida, sannan ya koma gefe ya ga abin da zai yi da su. Wani ma'aikacin ofis da aka yi wa haka ya fita ya kashe mutumin da ya yi shekara ashirin yana yi wa murmushi. Wanda kuma ciwo ya ci ƙarfinsa sai ya ce masa ba komai, ya je ya huta. Akwai wata tsohuwa da ta yi niyyar shiryawa da ɗanta, da ta ji ba komai sai ta ɗaga zancen zuwa baɗi, ta mutu da wasiƙar a aljihun riga. 'Yan sanda suna ta zagaye gawarwaki suna neman makami. Wata nas ce mai gajeren gashi ta gano shi, ta fara satar fayil tana bin mutane gida-gida tana gaya musu gaskiyar jikinsu.

Ban taɓa ganin abu irin wannan ba. Zanen Japanawan da muka taso da shi a talabijin na yara ne, 'yan ƙwallo da dodannin ƙarfe. Wannan kuwa sai a ba ka shafi guda cur babu kalma ko ɗaya, hannun likitan kawai yana rufe fayil. A irin shafin nan ƙawata takan yi shiru ta sha shayinta, ni kuma in ƙura ido har nawa ya huce.

Matsalar ita ce da La'asar sai a buɗe ƙofa in koma bakin aiki, aikin kuma ga yadda yake. Idan sakamako ya zo da mummunan labari, ba mai ciwon ake kira ba. Babban ɗa ake ja gefe a baranda a gaya masa ƙasa-ƙasa, shi kuma ya ce, "Dakta, don Allah kar ta sani." Sannan a shiga ɗaki da fara'a, likita ya ce iltihab ne, ni kuma in juya in ce, "Hajiya, ɗan kumburi ne, za a ba ku magani." Ciwon daji ko sunansa ba a kamawa, "wancan ciwon" ake cewa. Na faɗi ɗan kumburin nan ban san sau nawa ba, ina tauna cingam, ban taɓa jin komai ba. Haka kowa ke yi, Larabawa da mu da Indiyawa, kuma tausayi ake kiransa.

Bayan littafi na uku sai na daina tauna cingam. Na fara kallon hannun likitanmu idan zai rufe fayil. Bawan Allah ɗan Pakistan ne mai sanƙo, wanda babban laifinsa a duniya neman tabarau alhali suna kansa, amma ni na riga na gano shi. In ya yi wa tsoho murmushi sai in ce a raina, haka wancan ma yake yi.

Har gwaji na yi. Wata Hajiya 'yar Nijar ta zo da ciwon ciki, na ga likita ya tsaya da ɗanta a baranda, na ce ta faru. Da aka zo fassara na ce mata kumburi ne, sannan na rage murya na ƙara da nawa: in tana da wanda suke gaba, ta nemi shiri, ba a san gobe ba. Ta yi mini kallon sama da ƙasa ta ce ita ba ta gaba da kowa sai surukarta, ita kuma ko gobe ne ba za ta nema ba. Daga baya na ji abin da aka tattauna a barandar: ɗan yana tambaya ne ko za a bar ta ta ci yaji. Kumburin gaske ne. Har yau matar tana nan da ranta, tana kuma gaba da surukar.

"Ke fa kin fara zarewa," in ji ƙawata da na ba ta labari. "Na cikin littafi mugunta yake yi. Namu tausayi."

"Ita tsohuwar da ta mutu da wasiƙa a aljihu, ina ruwanta da dalilinsa?"

"Tsohuwar tawada ce, habibti. Ni da hannuna na tsawaita mata siket."

"Jikin mutum nasa ne. Ba na ɗansa ba ne, ba na likita ba."

"Wannan ni na fassara miki shi shekaranjiya," ta ce. "Kuma saura littafi uku ba mu gani ba, sai yayana ya dawo baɗi. Ki bari mu ga ƙarshe kafin ki fara ba da fatawa."

Ban bari ba. Na gano gaskiya ina 'yar shekara ashirin da huɗu, ina zan iya jiran baɗi.

A ƙarshen bazarar nan Baba ya fara ramewa.

Baba ya shigo Madina yana yaro, bayan iyayensa sun yi shekaru suna noma a Sudan suna haɗa guzurin ƙetare teku. Ana gab da tashi ƙyanda ta kama ƙanwarsa, aka bar ta wurin dangi a wani ƙauyen Hausawa a bakin kogi, da cewa za a aiko a ɗauke ta. Ba a aika ba. Ta girma can, ta yi aure, ta yi jikoki. Sau ɗaya ta zo aikin Hajji, shekarar da aka haife ni, daga nan sai kaset: duk mai zuwa Umra daga wajensu ya zo da ɗaya, ya koma da ɗaya. Mun san muryar Gwaggo fiye da ta wasu maƙwabtanmu, har da zakaran da ke katse mata magana.

Shi kuwa a gonakin dabino na Awali ya ƙarar da ƙarfinsa, yana hawa yana sauka, har ƙafa ta ƙi aka bar masa kula da ruwa. An taɓa yi masa tayin aiki mai sauƙi a Jidda ya ƙi. Dalilinsa ɗaya ne, ba ya kuma ɓoye shi: yana so ya mutu a Madina a binne shi a Baƙi'a, maƙabartar da ke jikin Masallacin Annabi, inda iyayensa suke. Duk tsohon unguwarmu burinsa ke nan, amma na Baba ya fi na kowa tsanani. Ko Makka ya je, yana gama ɗawafi zai fara tambayar mota. Tafiya Sudan kuwa ya fi shekara ashirin yana ɗaga ta, bana dabino ya yi yawa, baɗi ana auren wani. Sai da kaset ya zo cewa idon Gwaggo ya tafi, ƙafa ma ta fara, sannan ya sa babban wana ya sabunta masa fasfo ya yanko tikiti. Da an gama da dabino zai tafi, kwana ashirin.

Saura sati uku ya tashi muka kai shi babban asibiti, saboda ramar da wani ciwo da yake ji ƙarƙashin haƙarƙari. Aka yi hoto, aka ɗebi jini, aka ce mu dawo. Da muka dawo likitan, wani Ba'indiye mai sanyin murya, ya leƙo ya nemi babban ɗa. Yaya ya tashi. Na bi shi, domin Turancin Yaya bai wuce na sayar da kayan mota ba.

A baranda aka gaya mana. Wancan ciwon ne, a hanta, ya yi nisa, aiki ba zai yi amfani ba. Yaya ya tambayi lokaci. Likitan ya ce Allah ne masani, amma a abin da ya saba gani, wata uku zuwa shida. Ni na juya wannan zuwa Larabci da bakina. Yaya ya tambayi tafiyar. Likitan ya ce in gajera ce, kuma yanzu-yanzu, yana iya zuwa da magungunansa.

"Halas," in ji Yaya, wato shi ke nan. Shi irin 'yan Madinan nan ne da ake yi wa Hausa su amsa da Larabci, sai abu ya kai masa wuya Hausar ke fitowa. A ranar, da Hausa ya yi mini magana. "Ba wanda zai gaya masa. Ya je ya ga 'yar'uwarsa ya dawo. Kin ji ko?"

"In ya mutu a can fa?"

"Kwana ashirin ne."

"In ya mutu a can, Yaya, wa zai ɗauki alhakin? Shekara hamsin mutumin nan yana burin Baƙi'a."

"Ni zan ɗauka. Ke dai shiga ki ce kumburi."

Na shiga na ce kumburi. Baba yana zaune a bakin gado da hularsa a gwiwa, ya ce, "To alhamdu lillahi, Uwata." Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa bai taɓa kama sunana ba. Da muka gaya wa Umma a kicin, ta zauna a kan buhun shinkafa ta ce yayanki ya yi daidai, ta tashi ta ɗora tukunya.

Sati guda ina kallonsa yana shiri. Ya sayi yadi, ya sayi rediyo mai manyan maɓallai wanda makauniya za ta iya lalubawa, ya zauna yana tsintar dabinon ajwa ɗaya-ɗaya yana jerawa a gwangwani. Yana ta waƙe-waƙen da ban san ya iya ba. Ni kuma ina yawo a gidan ina kallon Yaya da Umma kamar sun haɗa baki da mai rusunawar nan. Ina son Baba, tsoron da nake ji kuma na gaske ne: in ya faɗi a can aka rufe shi a bakin kogi, mun sace masa abu ɗaya tak da ya roƙa a duniya, muna sane. Amma ba zan yi wa kaina ƙarya yanzu ba, akwai wani abu kuma. Ina so in zama mai gajeren gashin nan. Har tafiyarta na fara yi.

Ranar Alhamis da hantsi na ce wa direban da ke kai ni aiki ya wuce da ni Awali. Na sami Baba a ƙarshen gona, jikin katangar laka, yana tsaye da fartanya a bakin hanyar ruwa, yana buɗe wa wannan layi yana toshe wa wancan. Ya yi mamakin ganina. Tun a mota na shirya jawabi mai kyau, rabinsa daga littafi na huɗu. Da na tsaya gabansa duk ya zube, na ce kawai, "Baba, ba kumburi ba ne."

Ya dogara da fartanyar ya bar ni na gama. Ruwan yana ta wucewa ta kan sawunsa.

"Wata nawa ya ce?"

"Uku zuwa shida. Amma ya ce Allah ne masani."

"Wannan ai ba sai ya faɗa ba. Yayanki ya sani?"

"Ya sani."

"Uwarki fa?"

"Ita ma."

Ya sunkuya ya jawo laka ya toshe bakin ruwan, ya daddanna da ƙafa. "Kin kyauta, Uwata," ya ce. "Allah ya yi miki albarka. Je ki, kar ki makara."

Na yi kuka a mota, kukan gaske. A ƙarƙashin kukan kuma ina jin sanyin nan na wanda ya yi abin da ya dace, har ina hango kaina a shafi guda cur, babu rubutu, abaya tana kaɗawa tsakanin dabino.

Ranar Asabar Baba ya sa farar jallabiyarsa ya tafi ofishin jirgi da kansa ya mayar da tikitin.

Wallahi ban kawo wannan a raina ba. Na ɗauka zai matso da tafiyar, ya je da sanin abin da yake ciki, ya yi sallama ta gaske ya dawo. In zan faɗi gaskiya ma, ban ɗauki komai ba. A littattafan da muka karanta, da zarar nas ta faɗi gaskiya sai a juya shafi a shiga wani gida, ba a nuna Asabar ɗin mutumin.

Yaya bai yi faɗa ba. Ya same ni a bakin ƙofa ya ce, "Mabruk, ya daktora," wato barka likita, ya wuce. Ya yi watanni ba abin da ke haɗa mu sai "ina makulli". Umma ta ci gaba da zuba mini abinci, sai dai ta daina ajiye mini ƙanzon shinkafar da ta san ina so.

Baba ya shiga jira kamar yadda yake shiga kowane aiki, da tsari. Ya sayi likkafani ya wanke da zamzam ya shanya a saman bene. Ya bi abokansa ɗaya-ɗaya ya nemi gafara. Ya daina wuce iyakar haramin Madina ko da taki ɗaya. Da wani amininsa zai koma Nijar, a ƙofar gida ya yi masa rakiya, domin filin jirgi yana wajen iyaka. Maƙwabta suka yi ta zuwa da fuskar da ta dace. Wata uku ya wuce. Wata shida ya wuce. Baba ya fara cika riga. Masu zuwa sallama suka fara jin kunya, wani tsoho da ya yi kuka a kafaɗarsa ma ya riga shi tafiya.

Gwaggo fa tana can tana jira. Kaset ya zo: ta sa an shafe ɗaki da farar ƙasa, an ɗaure rago ana ba shi dusa har ya fara tashi da ƙyar, an koya wa jikoki yadda za su gaishe shi. Baba ya saurara sau biyu ya ce in ɗauko rakoda. Ni na danna jan maɓallin. Ya gyara murya ya ce mata ƙafa ce ta ɗan matsa masa, ɗan kumburi ne, likita ya ce ya huta, in sanyi ya wuce yana nan tafe. Na dube shi, ya ɗaga mini hannu in yi shiru. Da na kashe na ce, "Baba, ita ma ai tana da haƙƙin ta sani."

"Makauniya ce, ga tsufa," ya ce. "Me za ta yi da shi?"

Na cire kaset ɗin daga rakodar na miƙa masa.

A wata na bakwai aka sake hoto. Likitan ya daɗe yana kallo, ya ce abin yana nan amma kusan bai motsa ba, akan sami irin wannan mai jan ƙafa. Wannan karon a gaban Baba ya faɗa, tunda ba sauran abin ɓoyewa, ni kuma na fassara ban rage komai ba, har na ƙara da tambayar tafiya. Ya ce zai iya. A mota, ni da Yaya muka zama baki ɗaya, karo na farko tun ranar barandar.

"Baba, ku tafi. Ni zan raka ku," in ji Yaya.

"Ya ce shida. Na cinye shidan. Yanzu a kan ƙari nake, ƙari kuma ba a san tsawonsa ba."

"Ai ya ce bai motsa ba," na ce.

"Wancan karon ma shi ya faɗa, da wannan bakin. Wanne zan ɗauka?" Ya juya yana kallon titi. "Da ban sani ba na je na mutu a can, ƙaddara ce. Yanzu in na tafi, da ƙafata na fita."

Duk ranar da ya ƙara a duniya, hujjarsa ƙara ƙarfi take yi.

Da bazara yayan ƙawata ya dawo da sauran littafi ukun. Ta kwana biyu ba ta kawo su ba, wai tana ɗinki. Daga baya ta amsa cewa ta karance su a gida, ta yi ta shawarar ko ta ce mini an ƙwace su a filin jirgi.

"Ke ma?" na ce.

"Ni ma. Tausayi."

Na ce ta karanta, kar ta tsallake ko ɗigo. Ashe likitan ya san nas tana satar fayil tun daga farko. Shi yake ajiye mata su inda za ta gani, yana zaɓo mutanen da ya san gaskiya za ta fi yi musu ɓarna fiye da ƙaryarsa. Mai zanen ya koma duk gidajen da ta shiga, ɗaya bayan ɗaya, ya nuna abin da ya faru bayan ta jawo ƙofa. Wasu sun gode mata har ƙarshen ransu. Wasu ba su ƙara fita daga ɗaki ba. A ƙarshe an kama likitan, yana rusuna wa 'yan sanda, ita kuma tana zaune a jirgin ƙasa da fayil ɗaya da ya rage a jaka, ba a nuna ko ta kai shi ba.

"To wa ke da gaskiya?" na ce.

Ta juya shafin ƙarshe, ta leƙa bayan bango. "Bai faɗa ba."

Na zagi Bajapanen nan zagin da ban san na iya ba. Littafi tara, shekara guda ta rayuwata, ya rasa ƙarfin halin da zai ce ga mai laifi. Ƙawata ta bar ni na gama ta turo mini shayi. Har yau ban sake samun labarin da ya kai shi ba, har yau kuma ban yafe masa ba.

Abu ɗaya ne ya canza a aikina. In aka kira ni ɗaki, ɗa a baranda uwa a gado, nakan fara tambaya, "Hajiya, in sakamako ya fito ku za a gaya wa, ko ɗanku?" Wasu su ce ni ce mai jikin, a gaya mini. Mafi yawa su ce a gaya wa ɗana, shi ya yi makaranta, su juya wa bango fuska. Tambayar ba ta kai numfashi biyu ba, kuma ba a littafi na same ta ba. Ita ce ban yi wa Baba ba.

Gwaggo ta rasu a wata na sha ɗaya. Ba kaset aka aiko ba, ɗanta ne ya shiga gari ya bugo waya da hantsi. Zazzaɓin kwana uku. Ya ce har cikin ciwon tana tambaya wane irin sanyi ne a Madina da ba ya wucewa.

Baba ya ƙara shekara guda da 'yan watanni bayanta. A gadonsa ya cika, a Sih, aka yi masa salla a Masallacin Annabi, aka kai shi Baƙi'a. Mata ba sa shiga, don haka ban ga wurin ba, Yaya dai ya ce can ciki ne ta gabas. Matan unguwa da suka zo gaisuwa sun san labarin, suka yi ta riƙe hannuna suna cewa ni na yi masa wannan gatan, ba don ni ba da yanzu yana kwance a wani ƙauye da ba wanda ya san sunansa. Na ce amin ga duk addu'ar da suka yi. Ba wadda ta tsaya ta ƙirga watannin.

Shi ya ƙirga. A rana ta uku ta zaman makokin Gwaggo, da maza suka watse, ya sa aka kira ni. Yana zaune a ɗakin baƙi, kofunan gahawa a warwatse a gabansa.

"Uwata, wata nawa likitan nan ya ce?"

Ya sani sarai. Na ce, "Uku zuwa shida, Baba."

"Yau wata nawa?"

"Sha ɗaya."

Ya gyaɗa kai yana motsa yatsu a kan gwiwa. Na durƙusa na ce ya yafe mini. Ya ce ba abin yafewa, gaskiya na faɗa, kuma shi ya mayar da tikiti ba ni ba. Da zagina ya yi da na fi samun sauƙi.

"Kwana ashirin ne fa," ya ce, ba ni yake kallo ba. "Har da ranar zuwa da ta dawowa."

Sai ya tambaya ko an kira La'asar. Na ce an kira. Ya miƙo hannu na tashe shi.